Mayafi Mai Wurin Kai Biyar

Marsel, farkon watan Ab

Zuwa ga Yayana Kalfon,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mizyana da 'yan matanku biyu. Ka sumbaci hannun Baba a madadina. Ka gaishe mini da duk wanda bai manta da ni ba a Hara Kabira, in da saura.

Yaya, aiki zan ba ka, kuma na san sai ka yi tsaki kafin ka kai ƙarshen takardar nan. Yi abinka, ba na ji daga nan.

Kwanaki mun yi magana da Baba ta waya. Ya ce talit ɗinsa ya mutu, mayafin addu'ar nan da muka taso muka gan shi da shi. Wai har rana yake hangowa ta cikinsa, shi da ba gani yake yi sosai ba. Yana son sabo kafin azumin Kippur, domin bana gidana zai zo Jarba. Na ce in aiko masa da na siliki daga nan, ya ce in riƙe silikina in yi wa matata Simha ɗankwali. Na ulu yake so, saƙar hannu, ta Ammi Balgasim na Humt Suk, fari mai baƙin layi irin na da. Kuma ya ce lallai ya zama zai rufe kai biyar idan ya shimfiɗa shi lokacin albarka. Sau biyu ya faɗa: kai biyar.

Ni zan saya, kai za ka tsaya a kai. Tuntayen kusurwa huɗun ma kai za ka ɗaura, don ni har yau ƙullina warwarewa yake yi.

Yaran nan huɗu sai ɗoki suke yi. Autan yana tambaya wai da gaske kakansa yana ajiye ruwan sama a ƙarƙashin tsakar gida? Kada ka damu da rubutuna da ya karkace, a kwance nake yi, lalaci ya kama ni.

Ƙanenka,
Faraji

*

Hara Kabira, Jarba, tsakiyar Ab

Zuwa ga ƙanwata Gazala,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara, da fatan zafin Tunis bai gama da ku ba. Baba yana nan lafiya, yana ci, yana faɗa da kowa.

Gazala, zan gaya miki wata magana don in ban faɗa ba ciki zai kumbura mini. Ɗan gatan Baba ya rubuto. Wai Baba yana son sabon talit, kuma Marsel ya kai kukansa. Ni da nake yanke masa farce, nake riƙe masa hannu zuwa majami'a safe da yamma, nake cire masa ƙayar kifi kafin ya ci, ban isa in ji ba. Sai da ya bari na fita shago, ya sa Bugid mai kifi ya ja shi gidan waya. Ni kuma aka aiko mini da saƙo kamar ɗan dako.

Ranar da takardar ta zo ina wanke masa ƙafa na ce, "Baba, ashe talit kake so?"

Ya ce, "Faraji ya gaya maka? Yaron kirki."

Yaro! Mutumin da furfura ta cinye wa gemu. Na ce, "Ni da nake gabanka me ya hana ka gaya mini? Ko hannuna bai iya ɗaukar ulu ba ne?"

Ya ce, "Kai hidimarka ta yi yawa. Ruwan nan ya huce, ƙaro na zafi."

Shi ke nan amsar da na samu, ruwa ya huce.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Kin san lokacin nan ranar Kippur, ko da yake ku daga tagar mata kuke hange: rana ta yi ja, kowa ya galabaita, Kohanim, zuriyar firistocinmu, sun ɗaga hannu za su sa albarka, kowane uba ya jawo 'ya'yansa ƙarƙashin mayafinsa har a busa ƙaho. Tun da Faraji ya hau jirgin ruwa, kusan shekara ashirin ke nan, ni kaɗai nake shiga ƙarƙashin na Baba. Ƙato da ni, sai na durƙusa don ya kai. Mutane suna dariya, ban damu ba. A duk shekara lokacin nan ne kawai nake zama ɗa a gidan nan, sauran kwanakin ni sanda ne, ni ido ne, ni cokali ne.

To yanzu wai kai biyar. Ƙirga da kanki. Faraji ɗaya, 'ya'yansa maza huɗu. Biyar cif. Ina nawa kan? Na ƙirga daga dama, na ƙirga daga hagu, ban samu kaina a ciki ba. Don ni Allah ya ba ni 'ya'ya mata, shi ya ba shi maza, sai a share ni? Yaran da Baba bai taɓa jin ƙamshin kansu ba, waɗanda ko Larabcinmu ba su iya ba!

Kishi nake yi, na sani, ba sai kin gaya mini ba. Ina zaune ina huda azurfa sai in ga na fasa awarwaro.

Ki gaida kowa. Kada maganar nan ta wuce ke.

Yayanki,
Kalfon

*

Tunis, ƙarshen Ab

Zuwa ga Yaya Kalfon,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina sumbatar hannun Baba, ina gaida Mizyana, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai.

Yaya, na karanta takardarka ina soya burik, na yi dariya har ƙwai ya fashe mini a cikin mai. Kai dai ba ka canja ba. Tun muna yara idan Inna, Allah ya jiƙanta, ta raba dabino, ba naka kake kallo ba, na Faraji kake ƙirgawa. Yanzu ka girma ka koma ƙirgar kawuna.

Kuma wa kake yi wa kuka? Ni fa tunda aka haife ni ban taɓa shiga ƙarƙashin mayafin nan ba. Ina bayan taga ina leƙen ƙafafunku, ina gane ku da yatsu. 'Yan matanka ma can za su tsaya bana. Mun mutu ne? In kishi ne, bi layi, na riga ka.

Ga shawarata, kyauta. Baba yana ɗakin da ke kusa da naka, ba a Marsel yake ba. Ka buɗe baki ka ce, "Baba, biyar ɗin nan su wane ne?" Idan ya ce babu kai, sai ka yi fushinka da dalili, ni ma in taya ka. Amma na san ka, gara ka haɗiye wuta da ka yi tambaya guda.

Faraji ya rubuto mini cewa ta nan jirginsu zai sauka, in tarye su in sa su a mota. Takardar tasa gajera ce, ba irin tasa ba, ko zolaya ɗaya babu. Ina jin aiki ne ya yi masa yawa.

Na aiko da harisa, kwaɓaɓɓen barkonon nan, ta hannun direba, ta Baba ce, kada ka cinye.

Ƙanwarka,
Gazala

*

Hara Kabira, watan Elul

Zuwa ga Gazala,

Gaisuwa da fatan alheri. Harisa ta iso, Baba ya ce gishiri ya yi yawa, kuma ya kusa cinye ta.

Ban tambaye shi ba. Kada ki ɗaga gira. In tambaya ya ce mini me? In tsaya a gabansa kamar mai roƙon wurin kwana a gidan ubana? In yana so na, ya san inda kaina yake, kullum yana dafa shi idan zai miƙe.

Na je Humt Suk wurin Ammi Balgasim. Ya tsufa, amma ƙafarsa na kan masaƙa kamar jiya. Da ya ji na Baba ne sai ya ajiye ƙoshiya ya sa aka kawo shayi. Ya ce mahaifinsa ne ya saƙa wancan tsohon, shi yana yaro yana naɗa zare. Ya fito mini da ulu kala uku, na zaɓi na tumakin kudu, mai laushi, wanda ba ya cin wuya. Ya rantse mini ko silin lilin bai taɓa kusantar masaƙarsa ba, ya san dokarmu ta hana haɗa shi da ulu, ya fi wasu 'yan Hara saninta.

Sai ya ce, "To, nawa za a rufe?"

Na ce, "Sun ce biyar."

Ya miƙa hannu yana aunawa a iska. "Biyar, da kan tsohon shida. Kamu shida ke nan, har da ɗan sakin da ulu zai sha idan an wanke."

Gazala, ban shirya ba, wallahi ban taho da niyya ba. Ina kallon ulun nan fari tas, sai na hango Faraji a ƙarƙashinsa da hular Faransa, yana murmushin nan nasa, ni ina gefe ina riƙe da sandar Baba. Sai na ji bakina ya ce, "Rage kamu ɗaya."

Ya ce, "A rage? Ai kai ɗaya zai kwana a waje."

Na ce, "Yara ne, kawunansu ƙanana ne."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni da sunan Baba. "Ɗan Ma'atuk, ni abin da aka ce nake saƙawa. Amma in na yanke zare daga masaƙa, ba ya komawa."

Na ce ya yanke.

Yaran huɗu ba su yi mini komai ba, su shiga, jikokinsa ne. Amma wanda ya tafi ya bar tsoho, ya tsaya a waje tare da ni. In babu ni, babu shi. Mu tsaya mu biyu kamar marayu, jama'a su kalle mu. Ba zan ce miki daidai na yi ba, amma tun daga ranar nake cin abinci yana shiga.

Jiya na karɓo shi. Gazala, ya yi kyau har ya ba ni haushi. Layukan baƙi sun miƙe, saƙar ta yi ƙarfi, yana ƙamshin tunkiya da sabulu. Na zauna na ɗaura tuntayen huɗu da zaren da Rabbi ya ba ni, ina karanta abin da ake karantawa, zuciyata tana wani wuri. Baba ya shafa shi tun daga wannan baki har wancan, a hankali, ya sake komowa. Na ɗauka zai yi maganar tsawonsa. Sai ya ce, "Hannun Balgasim bai mutu ba." Ya ce in ninke in sa a akwati sai ranar.

Bugid ya riga ya baza wa Hara cewa Faraji ya yi wa ubansa talit. Faraji! Ko ƙamshin ulun bai ji ba.

Yayanki,
Kalfon

*

Tunis, bayan Sabuwar Shekara

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira. Jirgi ya iso. Simha da yara huɗu ne suka sauko. Babu Faraji.

Yana asibiti tun kafin ya rubuto maka. Huhu ne. Sun yanke masa wani sashe, kuma likitoci ba su ce komai ba tukuna, ko mai daɗi ko marar daɗi. Simha ta faɗa jikina tana kuka tun a bakin ruwa. Ta ce shi ya matsa su taho, wai yana son yaransa su shiga ƙarƙashin mayafin Baba ko sau ɗaya, tun akwai Baba, tun akwai wanda zai ce 'ya'yan wane ne.

Baba ya sani. Abin da ya kai shi gidan waya ke nan. Faraji ne ya sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya maka ba, wai in ka ji za ka rufe shago ka hau jirgi, wa zai riƙe tsoho?

Yanzu sai ka sake ƙirgawa, tunda ka iya.

Za su kwana biyu a nan su huta, za su iso muku ana gobe azumi. Ban gaya wa kowa zancen kamu ba.

Gazala

*

Hara Kabira, kashegarin Kippur

Zuwa ga ƙanwata Gazala,

Ina gaishe ki, Allah ya sa an rubuta mu cikin masu rai, mu da wanda ke kwance.

Takardarki ta same ni a shago. Na karanta, na tashi na bar ƙofa a buɗe na nufi Humt Suk. Ammi Balgasim ya riga ya ɗora wa masaƙa bargon wani, kuma ulun irin namu ya ƙare, sai an kawo daga kudu bayan idi. Ya ce, "Na gaya maka ba ya komawa." Ya zuba mini shayi, na kasa sha.

Na yi niyyar in gaya wa Baba. Sau uku ina shiga ɗakinsa. Amma gidan ya cika da yara, yana shafa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan hancin Inna ne, wannan kunnen Faraji ne. Ban taɓa ganinsa haka ba. Kuma kin san wani abin kunya? Har a lokacin, da duk abin da na sani, sai da na ji ɗan zafi a ƙirjina da ya ɗora autan a cinya. Wannan ciwo nawa ba ya jin magana.

Na yanke wa kaina hukunci: idan lokacin ya zo zan ja baya in tsaya jikin ginshiƙi, yara su shiga, ba wanda zai lura.

Jiya da yamma majami'a ta cika har ƙofa. Kowa cikin farare, ba takalmi, leɓuna sun bushe. Tun safe mutane ke taɓa sabon talit ɗin suna cewa madalla da Faraji. Da Kohanim suka hau, Baba ya buɗe hannuwansa, na tura yaran ciki, biyu dama biyu hagu. Ya rufe su ruf, daidai wa daida, ko yatsa bai rage ba. Na ja da baya.

Sai na ga hannunsa ya fito daga ƙarƙashin mayafin yana lalube a iska.

"Kalfon."

Na ƙara maƙalewa jikin ginshiƙi.

"Kalfon! Ina ka shiga?"

Mutane suka fara juyowa. Na matsa na raɗa masa, "Baba, babu wuri. Ka bari, ni na girma."

Ya ce, "Durƙusa."

"Baba, ba zai kai ba."

"Na san ba zai kai ba, tun ranar da ka kawo shi na auna. Makaho ne ni, ba kuturu ba. Durƙusa na ce."

Na durƙusa a gabansa. Ya kama bakin mayafin ya jawo shi gaba, ya yi ta ja, har ya zame daga kansa ya sauko a kaina. Ya rufe mu mu biyar. Shi kuwa ya tsaya a waje, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, daga shi sai 'yar hularsa, a gaban duk Hara, lokacin da babu wani magidanci da kansa ke buɗe. Ina jin tafin hannunsa ta cikin ulun a kan ƙeyata. Wani ya miƙo masa nasa mayafin, Baba ya ce a bar shi, nasa yana aiki.

A ciki duhu ne da zafi da numfashin yara. Ban ji ko kalma ɗaya ta albarkar ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Inna, har babban yaron ya riƙe mini hannu, yana tsammani yunwa ce.

Da muka koma gida aka sha ruwa, na ce, "Baba, biyar ɗin nan, da ni a ciki?"

Ya ce, "To da wa? Da Bugid mai kifi?" Ya kurɓi romo. "Da ka tambaya."

Bai ce in maido masa da tsohon ba. Yau da safe da sabon ya tafi majami'a.

Yayanki,
Kalfon

*

Marsel, asibiti, ana gobe Kippur

Yayana,

Gaisuwa. Ban san ranar da wannan za ta iso ka ba, amma na san yanzu asirina ya tonu. Ka yafe mini. Ba rainin hankali ba ne, sanin halinka ne.

Wata 'yar jinya ce ke riƙe mini allo ina rubutu, don haka ba zan tsawaita ba. Gobe war haka kuna ciki. Ni zan ja zanen gado in rufe kaina, in Allah ya so ya karɓa a haka.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk shekara a nan ina rufe yarana da silikina, amma ni ba mai rufe ni. Sai in tuna kai kana can ka durƙusa, ƙato da kai, hannun Baba a kanka, in ji kamar in kama ka da duka. Mutane suna cewa na ci gaba. Kai ka ci uba, ni na ci me? Na yi kishinka har na gaji.

Talit ɗin ya yi kyau? Ya ishe ku? Ka gaya mini ƙamshinsa.

Ƙanenka,
Faraji

*

Hara Kabira, bayan Idin Bukkoki

Faraji,

Gaisuwa. Baba yana sa maka albarka safe da yamma, yaranka sun yi baƙi sun koyi zagi da Larabci.

Talit ɗin bai isa ba. Ni na sa aka rage, don kada ka samu wuri. Sauran bayani sai ka zo, ka yi dukan da kake so.

Ulu ya iso daga kudu. Ammi Balgasim ya ce zai iya ƙara masa yanki, amma ɗinkin zai fito, kowa zai gani. Na ce ya fito. Na ce kamu biyu zai ƙara, ɗaya na kan Baba, ɗaya naka.

An riga an ɗora zaren, kuma ka san ba ya komawa. Kada ka bar mini wurin nan babu kowa.

Yayanka,
Kalfon